Saki Uku a Kan Ƙafa Biyu

Azumin bana ya zo da zafin nan na Abidjan mai manne wa mutum riga a gadon baya. Jiya da hantsi na shiga ɗakin marasa lafiya na tarar da wata ɗalibata ta jingina da ƙarfen rataye ƙarin ruwa, auduga a hannu, ido a rufe. Barci take yi a tsaye. Na buɗe baki zan wanke ta tas, sai idona ya sauka a kan ƙafafunta, sun kumbura sun cika takalmi har igiyar ta nutse. Na haɗiye faɗan. Na san ƙafafun nan, irinsu na ja a wani azumi, shekara ashirin da 'yan kai da suka wuce.

Azumin shekarar da yaƙi ya ɓarke aka fara dokar hana fita ne. Ina aji biyu a makarantar koyon aikin nas a unguwar Treichville, ina kuma amarya 'yar wata bakwai. A Arras muke zaune, cikin unguwar, hawa na biyu, ɗaki biyu da ɗan falo: ni, da mijina Isuhu mai ƙirga buhuna a wani sito na tashar jiragen ruwa, da mahaifiyarsa da kowa ke kira Inna.

Lokacin 'yar daminar ƙarshen shekara ne. Ruwa ya zubo da sassafe, rana ta fito ta dafa shi, tururi ya tashi daga kwalta haɗe da ƙarnin tafki. Ba ka shan iska, haɗiye ta kake yi. Hanyar arewa kuma ta rufe, duk abin da muka saba samu daga can ya ɗauke. Albasa ɗaya sai ta yi mana kwana uku. Nama sai labari. Gero ya ɓace daga kasuwa, Inna ta koma dama kunun masara tana tsaki, don a wurinta kunun da ba na gero ba cin mutunci ne. Da an kira magariba, dabino ɗaya a tsaga biyu, a kora da lemun citta, sai aceke, dambun rogon nan, da kan kifi. Famfo ba ya kawo ruwa sai gab da asuba, shi ma a ƙasa kawai, don haka matan bene kan jeru a kan matakala, bokiti na tafiya daga hannu zuwa hannu har hawa na huɗu. A wannan layin ake jin wanda aka kama jiya da wanda aka sako.

Ni kuwa rabona da layin ruwa sai jefi-jefi, saboda aikin kwana. Dokar ta sa mai aikin kwana ta shiga asibiti tun la'asar sakaliya, ba ta fita sai gari ya waye. Buɗa-baki a tsaye, sahur a tsaye, da safe kuma darasi har ƙarfe goma. A hanya ga shingen sojoji. Su karɓi katina, su karanta Salamatu Garba, su sake karantawa, su tambaye ni 'yar ina ce. Ni da aka binne cibiyata a Adjamé, nan cikin Abidjan! Farar rigar nas ce kaɗai ke sa su miƙo mini katin ba dogon zance.

Inna ta tsani rigar nan. Ba ta tsane ni ba, wannan zan faɗa ko a gaban alƙali, don ita ke ɓoye mini tsokar kifi a ƙasan kwano. Amma duk ranar da na ɗauki jaka sai ta ce, "Ana harbi a gari, surukata na kwana cikin maza marasa wando. Wannan wane irin boko ne?" Ta kuma kafa doka tun daren da aka ga wata: ba a Faransanci a gidanta da azumi. Ta ce da shi muke cin namanta tana zaune. Dokar ba ta dame ni ba, a gidanmu Hausa muke yi. Isuhu ne ya shiga uku. A Treichville aka haife shi, a makarantar Faransanci ya girma, Hausarsa ta tsaya a "ina kwana" da "ƙara miya". Sau da yawa mace ya ce mata kai, namiji ya ce masa ke.

Abin da ya fi yunwa cin raina shi ne barci. In dawo gida jiki kamar an daka, in kwanta, ido ya ƙi. A ƙasa masu walda na ta ƙara, injin niƙa na kuka, cikin kaina kuma ɗigon ƙarin ruwa nake ƙirgawa, ɗis, ɗis, ɗis. Ina cikin lumshe ido sai in zabura, wai na manta wani gado. Kwana tara ina haka. A rana ta goma na zuƙi allurar mai gado na huɗu na nufi gado na biyar da ita, har na ɗage wa tsohon riga.

Hannu ya damƙe wuyan hannuna. Madam Afuwe ce, malamar da ke lura da mu a ɗakin, gajeruwar mata mai murya kamar ta ɗan sanda.

"Salamatu, gado nawa ne wannan?"

Na duba lambar, biyar ce.

"Jarrabawar aiki saura mako biyu," in ji ta. "In na sake ganin irin wannan, ba sai an kai jarrabawa ba, da hannuna zan soke sunanki. Yaushe rabonki da barci?"

Na gaya mata. Ba ta ce mini yako ba, kalmar da kowa a garin nan ke jajanta wa mutum da ita. Tara mu ta yi, mu shida, a ɗakin ajiye zannuwan gado, ta sa muka shimfiɗa kwali muka kwanta rigingine. Ta ce maganin barci ba namu ba ne, wadda ta sha ba ta jin kiran mara lafiya. Abin da za ta ba mu kyauta ne. A ja numfashi ta hanci a hankali, a fitar ta baki. Sannan a fara daga yatsun ƙafa: a matse su da ƙarfi, a ƙirga biyar, a saki. A hau sharaɓa, a hau cinya, ciki, hannuwa, kafaɗa, muƙamuƙi, har goshi. Ko'ina a matse, a ƙirga, a saki. "Jikinku ya manta yadda ake saki," in ji ta. "Sai kun matse da gangan sannan zai tuna."

Sauran 'yan matan har da mai minshari. Ni kuwa da na fara ƙirga biyar sai ƙirgen ya koma ɗigon ruwa, ga ƙafafun sun kumbura ban ma jin ko na matse. Madam ta ce in samu wani a gida ya riƙe mini idon sawu in tura hannunsa, shi ya yi ƙirgen, ni nawa turawa da saki.

Washegari da hantsi na dawo na tarar da Isuhu a gida, jirgi bai shigo ba. Na yi masa bayani. Muka shiga ɗaki, muka bar ƙofa a buɗe sai labule, don kada Inna ta zargi azuminmu. Ita kuwa ta jawo kujerarta 'yar tsugunne ta zauna dab da labulen tana kankare citta. Na kwanta, ya durƙusa ya kama ƙafafuna. Ya fara da Faransanci, Inna ta yi gyaran murya, sai ya juya harshe. Bawan Allah ya ɗauko maganar da ke bakinsa ya zuba ta cikin Hausa yadda ta zo.

"Na riƙe ki. Ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar. Na sake ki."

Na ji kalmar, wallahi na ji ta, amma kamar daga ƙasan rijiya. Wani sanyi ne ya taso daga tafin ƙafata yana hawa.

"Na riƙe ki," ya sake ƙirgawa. "Na sake ki."

A na uku ban ji ƙarshen ƙirgen ba. Na tafi. Awa biyar na yi ko juyi babu, barcin da har yau ban yi mai daɗinsa ba. Da na farka la'asar ta kusa, akwatina na tsakar falo a ɗaure, matan bene sun cika gidan suna salati, kuma wai ba ni da aure.

Inna na zaune a ƙasa, ɗankwali ya zame, hawaye shaɓe-shaɓe. Ta ɗaga mini yatsu uku. "Uku, 'yar nan. Da kunnena. Da azumi a bakinsa, a hankali, har yana ƙirgawa!"

Isuhu na tsaye a bakin ƙofa, gumi ya jiƙa shi. "Inna, wallahi c'est pas ça! Ƙafa ne na saki, ƙafa!"

"Ƙafar wa? Ba tata ba ce? Ka ce na saki ƙafa, ko ka ce na sake ki?"

Wata maƙwabciya ta ce ai maganar saki ba a wasa da ita, ko da dariya aka faɗa ta zauna. Na so in yi dariya, na so in yi ihu, sai na duba agogo na ga saura awa ɗaya in karɓi aiki. Na zare farar rigata daga akwatin da suka ɗaure na sa a gabansu. Inna ta ce, "Kun gani ko? Aurenta ya mutu, ita asibiti za ta." Na ce, "Inna, in ya mutu ba zamana zai tashe shi ba. Na asibiti kuwa da sauran numfashinsu." Na sauka matakala na tafi aiki.

Da safe ban koma Arras ba. Gbaka na hau, motar hayar nan mai cunkoso, na ƙetare gada zuwa Adjamé, gidan mahaifina, wanda ke ɗinki kusa da mahaɗar Indénié. Labari ya riga ni isa. Baba bai ɗago daga keken ɗinki ba. Ya ce an sa ranar Alhamis, Malam Ɗanjuma zai saurari maganar, kafin nan kada in keɓe da Isuhu. Sannan ya tsayar da keken.

"Ko auren ya tsira, Inna ta ce ba za ki koma mata gida da farar rigar nan ba. Ta ce makarantar ce ta kawo wannan abin kunya. Ni ma na ga ki ajiye ya fi."

"Baba, ba zan ajiye ba."

"Ni kike gaya wa haka?"

"Kai nake roƙo. Kai ka ɗinka mini rigar nan da hannunka, ka ce kada in bari ta yi datti. Ban bari ba. Amma ba zan ajiye ba."

Ya dube ni ya daɗe, ya ci gaba da taka kekensa.

Kwana huɗun nan sun fi kowane tsawo. Daga Adjamé shinge uku nake wucewa maimakon ɗaya. Ruwa ya yi mini duka sau biyu a kan gada, rigar ta bushe a jikina. Kullum da la'asar Isuhu na zuwa ƙofar asibiti da 'yar kula, ya ba maigadi ya miƙo mini, ya tsaya daga tsallaken titi yana kallona kamar wanda aka kora daga aji. A cikin kular kullum akwai tsokar kifi a ƙasa, na kuwa san hannun da ke sa ta. Haushi ya ishe ni, na Inna, na Isuhu da guntuwar Hausarsa, na garin da ke tambayata 'yar ina ce. Amma abin mamaki, barci na yi. In na dawo sai in kwanta bayan keken Baba, in tura bango da ƙafa, in matse, in saki, ƙarar keken na yi mini ƙirge. Na rantse a raina ko me za a yanke ranar Alhamis, ba zan sake kai allura gadon da ba nata ba.

Malam Ɗanjuma Bakano ne, tsoho, mai shigo da kwanukan samira, yana kuma ba da karatu a sitonsa bayan la'asar. A nan muka taru ranar Alhamis, da yake ranar hutuna ce, cikin kwalaye: shi a kan buzu, Baba da Isuhu a gabansa, ni da Inna daga gefe. Idon Malam ya yi ja ya faɗa. Kowa ya san tun da aka fara harbe-harbe ba ya runtsawa.

Inna ta faɗi abin da ta ji, ba ta ƙara ba, ba ta rage ba. Malam ya juya ga Isuhu. "Maimaita mini abin da ka ce."

Isuhu ya dube ni, ya dubi ƙasa. "Malam, in na faɗa, ba zai zama na huɗu ba?"

Baba ya rufe baki da hannun riga. Na ga in na bar maganar a bakin Isuhu, sai ya sake ni sau goma kafin magariba. Na ce, "Allah gafarta Malam, a ba ni izini. Abin ba ya faɗuwa, sai an gani. In Malam zai miƙe ƙafa, shi ya riƙe, ni in faɗi yadda ake yi daga nan."

Inna ta ce, "Ji rashin kunya!" Malam ya ɗaga mata hannu. Ya yi ɗan tunani, ya cire hula, ya kwanta a buzunsa. Na ce ya ja numfashi ta hanci, ya fitar ta baki. Na ce ya tura hannun Isuhu da ƙarfinsa. Isuhu ya kama busassun ƙafafun nan, ya fara.

"Na riƙe ki..."

"Ka," in ji Baba.

"Na riƙe ka. Ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar. Na sake ka."

Muka hau sharaɓa, muka hau hannuwa da kafaɗa. Ruwa ya fara sauka a kan kwanon sito. Kafin mu kai goshi carbin Malam ya sulale daga yatsunsa, bakinsa ya ɗan buɗe. Muka zauna shiru, mutum huɗu, muna gadin barcin wanda zai yanke mana hukunci, ba mai ƙarfin halin tashinsa. Sai da ladan ya fara gwada lasifika sannan ya farka a firgice yana laluben hula.

Ya zauna, ya shafa fuska. Ya sa Isuhu ya rantse cewa bai nufi aure ba, ya rantse. Sai ya ce, "Hajiya, kunnenki bai yi ƙarya ba, kin kuma kyauta da ba ki ɓoye ba. Amma wanda ke riƙe a hannu, aka ce an sake shi, daga riƙon aka sake shi. Malamai sun san da wannan tun da daɗewa. Ga shi ni ma yaron nan ya sake ni ya fi sau bakwai, ban kuwa ji wani aure ya mutu ba. Aure na nan. Kai kuma daga yau ka ce na cika, kada in ƙara jin waccan kalmar a bakinka."

Inna ta share ido ta yi hamdala. Sannan ta gyara zama. "To saura rigar."

Malam ya ce wannan ba fatawa ba ce, maganar gida ce. Duk suka juyo gare ni. Na riga na gaji da tsoro.

"Inna, zan koma gidanki in kin yarda, in yi miki layin ruwa duk ranar da nake gida, in dama miki kunu. Amma da rigata zan koma. A garin nan kullum sai an tambaye ni 'yar ina ce. Ranar da nake riƙe da allura, ba wanda ya taɓa tambaya. Ba zan ajiye ba, ko za a ɗaure akwatina sau goma."

Ta dubi ɗanta. Isuhu, wanda bai taɓa musa mata ba, ya tattaro duk Hausar da ya mallaka ya ce, "Inna, shi zai gama makaranta." Ni yake nufi. Ba wanda ya gyara masa.

Na koma Arras a daren. Inna ta ɗauke mini magana, gaisuwa ma da ka take amsawa. Na shiga jarrabawa da barcina cikakke, Madam Afuwe na tsaye a kaina, na duba lambar gado sau biyu, na ci. Ana jibi salla da hantsi, na dawo na tarar da Inna a kan tabarma ta miƙe ƙafafu. Ba ta dube ni ba. Bango ta gaya wa cewa ita ma tun da aka fara harbin nan ba ta san barci ba.

"Zo ki riƙe. Amma ke za ki faɗa, ba shi ba. Bakin mace ba ya saki."

Daga ranar, shekara tara, ni ke riƙe mata ƙafa, ita kuma ba ta fasa zagin rigar ba. Ta ce fari kayan gawa ne.

A shekara ta taran gari ya sake rikicewa, fiye da na farko. Aka kulle mu a gida kwana da kwanaki, ba mota, ba kantin magani, ba ruwa sai na sama. Ni ce asibitin benen gaba ɗaya, daga hawa na ɗaya zuwa na huɗu. Zuciyar Inna ta daɗe tana ba ta wahala, maganinta ya ƙare, ba kuma hanyar fita. Na san abin da nake gani, aikina ne. Wata ranar da azahar, na jingina ta da matasai uku don ba ta iya kwanciya, numfashi na yi mata wuya, sai ta motsa yatsun ƙafa. Na kama su, sun yi sanyi sun kumbura.

"Na riƙe ki, Inna. Ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar." Sai na ji bakina ya wuce. "Shida, bakwai, takwas..."

"Salamatu, kin wuce biyar."

"Na sani."

"To faɗi mana."

"Na ƙi."

Ta yi 'yar dariya da ta koma tari. "Shekara tara kina ƙin jin maganata. Wancan, na rigar, kin yi daidai, da kin ji da yanzu wa zai riƙe ni? Wannan kuwa ki ji. Na gaji, 'yar nan."

Na faɗa. Ta yi barci mai nauyi har la'asar, irin wanda na yi a wancan hantsin. Kwana biyu bayan nan muka yi mata sutura, ni na wanke ta.

Ɗaliban yanzu suna da waya mai yi musu ƙirge da murya mai laushi, har da ƙarar ruwan sama na ƙarya. Ban hana su ba, amma waya ba ta da hannu. Jiya na zare audugar daga hannun yarinyar nan, ta farka a tsorace tana ba ni haƙuri, tana roƙon kada in soke sunanta, wai a gida ma jira ake ta faɗi a ce ta zauna. Na ja ta zuwa ɗakin zannuwan gado, na shimfiɗa kwali.

"Ba inda sunanki zai je," na ce mata. "Cire takalmin ki kwanta. Na riƙe ki."